Kama da wane ba ta wane: tarken juyar hotunan fuska da alli mai maiƙo a Magarya da Dungas

1. Gabatarwa

A wannan ƴar maƙala za mu duba wani aiki wanda ba kasafai masu nazarin harshe suke waiwayarsa ba, wato zanen fuskar mutum da hannu, musamman irin wanda matasa suke yi don sha'awa, inda za su sa wani sanannen hoto a gaba su yi ƙoƙarin sake fitar da shi a kan takarda. Zane-zanen da muka dogara da su mun gan su ne a hannun wasu malaman makaranta da ɗaliban kwaleji da ƴan fada a gundumomin Magarya da Dungas, kudancin jihar Damagaram. Dungas, wadda tana cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki, sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Kafin nan tana ƙarƙashin Magarya. Duka biyun suna bakin iyaka da Najeriya, kuma abin da yake shigowa daga Kano ta Babura ko ta kasuwar Maigatari, daga takarda har kalanda mai hotunan shehunnai, ya kan riga abin da yake gangarowa daga Yamai isowa.

Abin da muke son nunawa shi ne, ma'aunin da masu wannan zane suke auna aikinsu da shi kalma ɗaya ce, kama, kuma wannan kalma ta yi wa aikin kaɗan. Abota ce take riƙe da su, ita take sa su ci gaba da zanen, amma har yanzu ba ta ba su kalmomin da za su gyara wa juna aiki da su ba.

2. Kalmomin

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage, kuma asalinsu ya bambanta. Hoto aro ce daga Ingilishi, ta haɗe abin da na'ura ta ɗauka da abin da hannu ya zana. Sura da taswira da siffa daga Larabci suke. Ta gida ita ce zane, daga aikatau zana, kuma ma'anarta ta farko jan layi ce: a zana ƙasa da yatsa, a zana bango, wanzami ya zana fuskar jariri da aska. Wannan ma'ana ta layi za mu sake cin karo da ita a gaba, domin tana da tasiri a hannun mai zanen kansa.

Ga abin da Faransanci yake kira copie kuwa, akwai kwafi da kwaikwayo, akwai kuma tsohuwar kalmar malamai, juya, kamar a ce wane ya juyi littafi, wato ya sake rubuta shi da hannunsa. Mun zaɓi juya a kan sauran saboda ita ce kuma ake amfani da ita ga fassara, a juya magana daga Larabci zuwa Hausa. Kwaikwayo na ɗauke da ɗan raini (biri ma yana kwaikwayo), kwafi kuwa aikin inji ne. Wanda ya ɗauko hoton da aka yi da fenti a kan ƙyalle ya mayar da shi kan takarda da alli, fassara yake yi daga wani kayan aiki zuwa wani, ko ya sani ko bai sani ba. Van Gogh ya san da haka: a 1889 da 1890, lokacin da yake jinya a Saint-Rémy, ya juyi ayyukan Millet daga bugu marasa launi, ya kuma ɗauki aikin nasa a matsayin fassara zuwa harshen launi.

Sai ita kama. A rubutun yau da kullum ba a bambanta kàmaa (ressemblance) da kaamàa (saisir), sai karin sauti da tsawon wasali suke raba su. Yabon da aka fi ji idan an miƙa sabon zane a fada bai wuce irin waɗannan ba:

(1) Ya yi kama.
(2) Sai ka ce hoto.
(3) Kamar ta yi magana.

Duka ukun kwatanci ne, kuma babu wadda ta faɗi abin da hannu ya yi har aka sami kamar. Jimla ta (2) ma ta fi ban mamaki, don tana yaba wa mutum ne da cewa ya kusa zama na'ura.

3. Alli mai maiƙo

Abin da muke kira alli mai maiƙo shi ne pastel à l'huile, wasu kuma su ce fastel. Garin launi ne da aka kwaɓa da kakin zuma ko makamancinsa da wani mai wanda ba ya bushewa, aka murza shi kamar allin makaranta. Ba tsohon abu ba ne. Kamfanin Sakura na Osaka a Japan ya fito da shi a 1925 da sunan Cray-Pas, kuma don ƴan makaranta aka yi shi. Sai a 1949 Henri Sennelier ya haɗa irin na ƙwararru a Paris, bisa buƙatar Picasso, ta hannun mai zane Henri Goetz. Wanda yake zuwa kasuwanninmu irin na farkon ne, ɗan kwali mai launi 12 ko 24.

Dalilin da ya sa matasanmu suka rungume shi a fili yake: ba ya buƙatar buroshi, ba ya buƙatar ruwa ko kananzir, ana iya sa shi a aljihu, kuma launinsa ya fi na fensir ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma yana da hali. Tun da ba ya bushewa, a zafin Afrilu da Mayu sai ya yi laushi ya riƙa narkewa a yatsa, a lokacin hunturu kuma ƙura ta manne masa, ba ta kakkaɓuwa. Ba a goge shi. Sai dai a kankare da reza. Idan aka jera launi uku ko huɗu a wuri ɗaya, takardar kaye ta ƙoshi ke nan, duk abin da aka ƙara sai ya zame ya zama laka. Wanda ya lura da wannan ya kan fara da launi mai haske, ya bar farin takarda inda haske zai sauka. Wanda bai lura ba ya kan cika fuskar da ruwan ƙasa tukuna, daga baya ya nemi ɗora fari a kai, sai goshi ya fito kamar an shafa toka.

Akwai kuma matsalar launin fata. A ƙaramin kwali, ruwan ƙasa ɗaya ne tak, ga kuma wani launi mai kama da hoda wanda Faransawa suka daɗe suna kira couleur chair, wato launin fatar mutum (a Amurka kamfanin Crayola ya sake wa nasa suna tun 1962). Bahaushe kuwa yana rarrabe fari da ja da wankan tarwaɗa da baƙi, kowanne da matakansa. Mafi kyawun fuskokin baƙar fata da muka gani, ba a taɓa allin ruwan ƙasa ba wajen yin su sai kaɗan; an shimfiɗa ruwan goro a ƙasa, aka bi da shuɗi mai duhu a gefen muƙamuƙi da ƙarƙashin ido, aka murza da yatsa.

4. Fuskokin da ake juya

4.1 Na Turai

Daga cikin hotunan Turai, biyu ne suka fi yawo ta wayar salula: La Joconde ta Léonard de Vinci, da yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u ta Vermeer. Ta farkon ba mu ga wanda ta yi wa daɗi ba, kuma ba laifin masu zanen ba ne. Léonard ya gina fuskar ne da siraran shafe-shafe na fenti, ɗaya bisa ɗaya, har iyakar baki da kunci ta ɓace kamar hayaƙi. Alli mai maiƙo ba ya yin siriri haka. Abin da yake saura a takarda shi ne wata mace mai kumburarrun idanu da murmushin dole.

Ta Vermeer ta fi cancantar a tsaya a kanta. An yi ta wajen 1665, tana gidan Mauritshuis a birnin La Haye na ƙasar Holan, kuma ƙarama ce, santimita 44,5 a tsaye, 39 a kwance. Ba wuya a gane abin da ya jawo matasanmu gare ta: ta ɗaura ɗankwali shuɗi da rawaya, ta waiwayo ta kafaɗa, bayanta duhu. Launukan nan kuwa duk suna cikin kwali, kuma alli yana son faffaɗan launi irin wannan. Shi ya sa ɗankwalin ya kan fito da kyau kusan a kowane hannu.

A fuskar ne ake faɗuwa, kuma wuri ɗaya ake faɗuwa. Wanda ya ƙura wa asalin ido zai ga cewa Vermeer bai ja layi a karan hancin yarinyar ba ta ɓangaren da haske yake. Hancin ya narke cikin kunci, idon mai kallo ne yake ƙarasa shi. Haka lu'ulu'un: ba shi da da'ira, ba shi da maratayi, ɗigon fari ne mai ƙarfi a sama da wani shafe mai laushi a ƙasa inda farin wuyan riga ya haska shi. A kusan duk juyin da muka gani, an ja wa hancin layi baƙi daga gira har ƙasa, an zagaye lu'ulu'un, wani ma ya ƙara masa ƙugiya don kada ya faɗi. Mai zanen ya zana abin da ya sani ne game da hanci da ɗan kunne, ya bar abin da yake gabansa. A nan muke ganin nauyin kalmar zane: wanda harshensa da makarantarsa suka koya masa cewa yin hoto jan layi ne, da wuya ya yarda ya bar gefen hanci babu iyaka. Ba mu ce harshe ne yake tilasta wa hannu ba. Yaran Faransa ma haka suke yi. Amma su malamin zane zai ba su kalmar modelé ko valeur su riƙe, mu kuwa ba mu tanadi komai ba tukuna.

Juyi guda ɗaya ya fita daban, na wata malamar firamare. Ta mayar da yarinyar baƙa, ta bar waiwayen da buɗewar leɓe yadda suke, ta kuma bar karan hancin babu layi, sai wani ɗan haske ruwan goro. Abokan zanenta sun ce bai yi kama ba. A ganinmu shi kaɗai ne ya kaamà abin da Vermeer ya yi, ko da bai yi kàmaa da yarinyarsa ba. Daɗin daɗawa, ita yarinyar ba a san ko wace ce ba. Irin hoton nan ne da mutanen Holan suke kira tronie, nazarin fuska da sutura, ba hoton wance ƴar wane ba.

4.2 Na gida

Wannan batu na fuska marar mai ita ya fi tsanani idan aka juyo gida. Hotunan da aka fi juyawa a yankin, a takarda da bayan manyan motoci da bangon shaguna, na shehunnai ne. Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha (1900-1975) an ɗauke shi hoto sau da yawa, saboda haka mai juyar fuskarsa yana da abin da zai auna aikinsa da shi, kuma tsofaffin da suka gan shi a Kano suna iya cewa e ko a'a. Amma Shehu Ahmadu Tijjani ya rasu a Fas a 1815, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Sakkwato a 1817, alhali sai a 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto. Sidi Abdulƙadir Jilani kuwa tun 1166 ya rasu a Bagadaza. Fuskokin da ake ba su an ƙago su ne, wasu daga bugaggun hotuna masu launi da suka riƙa shigowa Afirka ta Yamma daga arewacin Afirka da gabas, har gwamnatin mulkin mallaka ta tsorata da su ta nemi hana shigo da su a zamanin Gwamna Janar William Ponty (1908-1915). A Sanagal masu zane a bayan gilashi suka ci gaba da juyar su da hannu. A irin wannan hoto ba fuska ake ganewa ba, alama ake ganewa: barewa a gefen Shehu Tijjani, zaki a gefen Sidi Abdulƙadir. Cire dabbar, ka ga ko wani zai faɗi sunan.

Haka abin yake ga sarakuna mata. Fuskar Amina ta Zazzau da take cikin littattafan makaranta aikin masu zanen ƙarni na 20 ce, kuma kan sarkin da Najeriya ta buga a 1975 ya taimaka wajen yaɗa ta. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, yawancin masu zana ta fuskar Aï Keïta suke juyawa, ƴar wasan Burkina Faso da ta fito a matsayinta a fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka gina a kan littafin Abdoulaye Mamani na 1980. Babu aibi a ƙaga wa jaruma fuska. Aibin yana zuwa ne idan ɗalibi ya rubuta suna a ƙasan zanen, abokansa suka ce ya yi kama, aka manna a bangon aji, yara suka tashi suna zaton sun ga Sarauniya. Kama da wa?

Magabatanmu suna da tasu hanyar adana mutum, ita ce kirari. Sarkin Damagaram Tanimun ya rasu a 1884, shekara 14 kafin kyaftin Cazemajou ya iso birnin, amma makaɗa da maroƙa sun riƙe shi ta halinsa da garunsa da igwoginsa, suna juyar kirarin baki da baki. Kirari ba ya da'awar faɗin tsawon hanci. Zanen alli yana yin wannan da'awa, kuma nan ne ya ɗauki nauyin da mai yinsa bai shirya masa ba. (Batun halaccin zana mai rai, wanda ake ta muhawara a kansa tun ma kafin kafa Izala a Jos a 1978, ba mu shiga cikinsa ba; abin lura kawai shi ne yana sa wasu su ɓoye zanensu a cikin kaye, abokai kaɗai suke gani.)

Akwai hoto guda da muke mamakin rashin ganinsa a hannun waɗannan matasa, ga shi kuwa ya haɗa duk abin da suke nema. Shi ne na Ayuba Sulaiman Jallo, Bafulatanin Bundu da aka kama aka sayar bawa zuwa Maryland a Amurka, ya kuɓuta ya iso Landan, inda William Hoare ya zana shi a 1733. Mutum ne na gaske, an zana shi yana zaune a gaban mai zanen, da farin rawani da farar riga da Alƙur'ani rataye a wuya, kuma shi da kansa ya nemi a sa masa tufafin ƙasarsu. Hukumar gidajen tarihi ta Ƙatar ta saye hoton a 2009. Ga mai koyon alli, darasi ne kan yadda ake fitar da baƙar fuska tsakanin farare biyu ba tare da ta zama rami ba.

5. Fada

Babu ɗaya daga cikin waɗannan masu zane da yake aiki shi kaɗai. Fada, wato majalisar samari da ta yaɗu a biranen Nijar tun shekarun 1990, ita ce makarantarsu da gidan nuninsu. Ana zuba shayi, waya ɗaya tana zagayawa da hoton da za a juya, kwalin alli ɗaya ne na kowa, kuma idan fari ya ƙare (shi yake fara ƙarewa) sai a yi karo-karo a ba mai zuwa Kano saƙo. Mutum huɗu su juyi hoto ɗaya a zama ɗaya, a jera a tabarma a duba. Wannan tsari yana da kyau ƙwarai, kuma ba baƙo ba ne a tarihin zane: a ɗakunan Louvre, inda aka ba masu juyi izinin kafa allonsu tun 1793, a nan Manet ya haɗu da Degas, a nan kuma aka gabatar masa da Berthe Morisot a 1868. Sai dai can akwai doka, juyi ba zai yi girma ɗaya da asali ba, ba a kuma juyar sa hannun mai shi. A nan mun ga inda aka juyi har da sa hannun.

Inda fada ta gaza shi ne wajen gyara. A kwatanta da makarantar allo, wadda ita ce babbar makarantar juyi a wannan ƙasa. Almajiri ya rubuta allonsa, alaramma ya duba, ya ce wannan wasali ba nan yake ba, wannan harafi ya faɗi. Akwai ma'auni, akwai mai gyara, akwai sunan kowane kuskure. Mai zayyanar allon sauka ma a ƙarƙashin wani ya koya. A fada kuwa kowa tsaran kowa ne, ga kara, ga kunya. Wanda ya ci kwana uku a kan fuska ɗaya, ba abokin da zai dube shi ya ce idon hagu ya hau sama. Sai a ce (1), a wuce.

Ƙofa ɗaya ce gaskiya take shigowa ta cikinta, ita ce zolaya. Wasan taubasai da na ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, ya ba Babarbare damar gaya wa Bafulatani abin da ɗan'uwansa ba zai iya ba, kuma a fada ana aron wannan dama ko da babu dangantakar. A nan ake jin irin su:

(4) Aboki, wannan ai kunama ce ta harbe ta a kunci.
(5) Mushe, Shehun naka bai yi barci ba jiya.

Wannan tarke ne na gaske, ya ma fi (1) zuwa (3) amfani, don yana nuna wurin da ciwon yake. Jimla ta (4) tana cewa hasken kunci ya yi yawa har ya kumbura, ta (5) tana cewa inuwar ƙarƙashin ido ta yi duhu. Amma dariya ce take biyo baya, ba magani ba, kuma mai zanen ya kan koma ya ƙara alli a wurin da ya kamata ya kankare.

Kalmomin da za su mayar da zolaya gyara suna nan cikin harshen, a bakin masu sana'a. Marina suna rarrabe matakan shuɗi tun daga tsomi na farko har zuwa wanda ya kusa baƙi. Dukawa da masu ɗinkin riga suna da sirki, wato yadda launi yake zama kusa da launi. Maginan da suka yi wa gidajen unguwar Birni ado a Damagaram sun san yadda tudu da kwari a bango suke kama hasken safe. Amsa-kama ma kayan aiki ce: fari fat da fari sol ba ɗaya ba ne a kunnen Bahaushe, haka baƙi ƙirin da baƙi wuluk, na biyun yana da sheƙi. Wanda ya ce wa abokinsa bayan yarinyar ya zama ƙirin amma ƙwayar idonta ta zama wuluk, ya ba shi umarnin da hannu zai iya bi: a murje na farko da yatsa har ya mutu, a danna na biyu sau ɗaya a bar masa ɗigon farin takarda. Ɗalibanmu da suke zuwa hutu Bande da Waca da Dogo-Dogo da Malawa suna iya fara tattaro irin waɗannan kalmomi daga marina da dukawa, kowace da jimlar da aka ji ta a ciki da kuma karin sautinta.